Kumburin muƙamuƙin yaro: ciwon dajin da ke bin sawun sauro

Jama'a masu karatu, daga Sae Sabuwa zuwa Gidan Rumji, daga Agye zuwa Gazawa, kowa ya san abin da damina take zuwa da shi baya ga albarkar gero: sauro da masassara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, masassarar da take ta komowa ga yaro shekara bayan shekara tana iya share hanya ga wani ciwon daji na jini, wanda likitoci ke kira ciwon Burkitt. Yana daga cikin ciwon dajin da ya fi kama yara a Afirka kudu da Sahara, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi jin magani, muddin an tare shi da wuri.

Yadda aka gano shi

A shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda, aka kawo wa wani likitan fiɗa ɗan Ailan, Denis Burkitt, yaro da kumburi a muƙamuƙi. Ba a daɗe ba ya ga wani irinsa. A 1958 ya buga bayanin ciwon, a 1961 kuma ya yi tafiyar kilomita wajen 16,000 da mota, yana bin asibitocin gabashi da kudancin Afirka yana tambaya. Sai ya tarar ciwon ya fi yawa a ƙasa mai zafi, wadda ruwan samanta ya haura milimita 500 a shekara, wato inda sauro ke jin daɗin zama. Ruwan da kudancin jahar Maraɗi ke samu yana kai da kawowa ne a bakin wannan ma'auni, saboda haka zancen bai bar mu a baya ba.

A 1964, a birnin Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar birus a cikin tsokar ciwon. Ita ce birus ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam, kuma ana kiranta Epstein-Barr. Ta miyau take yaɗuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da ita lafiya lau, yaran Afirka kuwa galibi suna samunta tun suna ƙanana. To, me ya sa sai ƙalilan ke kamuwa da ciwon? Amsar tana ga garkuwar jiki.

Maƙera da dogarai

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Iri biyu suka shafe mu. Ƙwayoyin B su ne maƙera: idan cuta ta shigo, sai su hayayyafa a cikin saifa da kaluluwa, su ƙera makamin da ya dace da ita. Ƙwayoyin T kuwa dogarai ne: suna sintiri, duk ƙwayar da ta kauce hanya su kashe ta. Zafin jiki da kumburin da ake ji lokacin ciwo alamar wannan yaƙi ce. Idan ya yi kwana kaɗan ya lafa, alheri ne. Illa tana zuwa ne idan wutar ta ƙi mutuwa.

Domin makami ya dace da cuta, ƙwayar B takan yanka rubutun gadon da ke cikinta ta sake jera shi. Aiki ne mai hatsari, kamar magatakardan da ke yanka takardun hukuma yana liƙawa cikin gaggawa. Masassarar cizon sauro tana tilasta wa maƙeran nan aiki ba hutu, damina bayan damina. Wata rana sai a yi kuskure: wani yanki mai suna MYC, mai ba da umarnin hayayyafa, ya tsinke daga zaren gado na 8 ya manne a na 14, wurin da ba a taɓa kashe wuta. Daga nan ƙwayar ba ta san tsayawa ba.

A ƙa'ida, irin wannan ƙwaya takan kashe kanta. Amma birus ɗin Epstein-Barr da ke laɓe a cikinta yana hana ta mutuwa, masassara kuma ta riga ta gajiyar da dogaran da ke sa masa ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa a 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa masassara mai tsanani ta wuraren da ta yi katutu cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Haka ma cutar sida, da yake tana karya dogaran, tana ƙara hatsarin wannan ciwo ga babba da yaro.

Alamomin da ba a jira da su

Ciwon ya fi kama yara ƴan shekara 4 zuwa 9, maza sun fi mata. Yakan fito a muƙamuƙi, haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo waje, ko ciki ya kumbura. Wani lokaci ƙafafu ne ke mutuwa farat ɗaya. Sau da yawa kumburin ba ya zafi da fari, abin da ke sa iyaye su ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori. Bambancin shi ne hangum yakan saɓe cikin kwana goma, wannan kuwa ƙaruwa yake yi, don ƙwayoyinsa suna iya ninkawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sakiya da tsaga da cire haƙori ba su taɓa tushensa, sai dai su cinye kwanakin da ake bukata. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga mai shi.

Saurin nan nasa shi ne kuma rauninsa, domin maganin ciwon daji ya fi cin ƙwayar da ke gaggawar rabuwa. Tun shekarun 1960 likita Victor Ngu, ɗan Kamaru, ya nuna a Ibadan cewa allurar siklofosfamid tana narkar da kumburin. A ƙasashe masu hali, yara 9 cikin 10 suna warkewa yau. A Afirka adadin bai kai haka ba, kuma manyan dalilan su ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya. Kumburi na iya ɓacewa bayan allurar farko, uba ya ga an warke ya koma gona da ɗansa, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Abin da ke hannunmu

Gundumar Gidan Rumji tana cikin wuraren da aka fara rabon maganin rigakafin masassara na damina a Nijar, a 2013, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. A 2024 ƙasar ta fara allurar rigakafin masassara daga Gaya. Waɗannan, da kwana cikin gidan sauro, da gwajin jini da zarar jiki ya yi zafi, su ne ke sassauta wa maƙeran jikin yaro.

Sai dai a lura: kyautar magani da gwamnati ta kafa a 2006 ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce, alhali ciwon Burkitt ya fi zuwa bayan yaro ya tsallake wannan iyaka. Hanya kuma doguwa ce: daga likitar gari zuwa asibitin gunduma, zuwa Maraɗi, wani lokaci har Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji take. A nan ne nauyi ya hau kanku, ƴan kasuwa da ma'aikata. Ku ne dangin ƙauye ke sallama wa idan abu ya faskara, ku ke da mota, ku kuka san ƙofar ofis. Idan aka kawo muku yaro da kumburin fuska ko na ciki wanda ke ƙaruwa, kada ku ce a bari sai an yi girbi. Kuɗin motar da aka bayar a wannan mako ya fi buhun geron da za a kai gidan makoki. In kuma an fara magani, ku tsaya sai likita da bakinsa ya ce an gama.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi.