Kuturta Tana Warkewa, Saura Ƙyamar da ke Zukatanmu

'Yan'uwa a cikin Almasihu, idan muka karanta Markus sura 1, za mu ga Ubangiji Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, sannan cutar ta rabu da shi. Ya iya warkar da shi daga nesa, amma ya taɓa mutumin da kowa yake gudu.

Wannan koyi ne ya sa a ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. A lokacin Kurya Madaro da Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi duk suna cikin Lardin Sakkwato, domin sai a 1996 aka kafa Jihar Zamfara. A waɗannan wurare ana wanke gyambo, ana ba da magani, ana kuma karanta Maganar Allah.

Yau Allah ya kawo sauƙi. Kuturta ba la'ana ba ce, ba kuma gado ba ce. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likitan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano a 1873. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take raba haɗin maganinta kyauta. Ana sha wata 6 ko wata 12, kuma da zarar an fara sha, mutum ya daina yaɗa ta. Alamar farko ita ce tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti, kada ya ɓoye, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jinkiri ne ke cinye yatsu.

Amma magani ba ya taɓa zuciya. Mutum ya warke sarai, mu kuma mu ware masa kwano, mu hana 'yarsa miji, mu bar shi shi kaɗai a bencin baya na majami'a. Wannan ciwo ya fi gyambo zafi, kuma saboda tsoronsa ne mutane ke ɓoye tabo har ya yi nisa.

Saboda haka dattawan ikilisiya da zumuntar mata, mu raka marar lafiya asibiti, mu yi addu'a tare da shi, mu ci tuwo a kwano ɗaya. Likita ya yi nasa, saura namu.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin tasa. Amin.