Fitilar tsohuwar mota ta dushe? Kafin ka canza ƙwai, duba waya

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Tamale bayan magariba ya nufi Salaga ko Yendi, ko ya kama hanyar Bolgatanga zuwa Bawku, ya san darajar fitilar gaba. Ga ramuka, ga shanu da ke ketare titi, ga babura masu ƙafa uku da wasunsu ba su da ko fitilar baya. A irin wannan hanya, idan fitila ta mutu na daƙiƙa biyu kacal, sai dai Allah Ya kiyaye.

Motocin da ke ɗauko mana doya daga Salaga da albasa daga Bawku kuwa, da yawansu sun kwana biyu. Benz 207 tun 1977 aka fara ƙera ta, Peugeot 504 kuma tun 1968. Injin na iya jurewa, amma wayoyin sun sha zafi da ƙurar hunturu da ruwan damina da girgizar hanya. To, da zarar haske ya ragu, abin da direba ke fara yi shi ne sayen ƙwai mai ƙarfi. Nan ne kuskuren yake.

Darasi daga Ingila

Masu ajiye tsofaffin motocin ƙawa a Turai sun daɗe da sanin wannan matsala. Motar MGB, wadda aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1962 zuwa 1980, kayan wutarta na kamfanin Lucas ne na Birmingham, wanda direbobi suka yi wa laƙabin ba'a da "Yariman Duhu". Sau da yawa laifin ba na ƙwan fitila ba ne. Wutar ce take bi ta cikin makunnin da ke gaban direba, ta ratsa mahaɗai da dama kafin ta isa fitila, kuma kowace mahaɗa da ta yi tsatsa sai ta ci rabonta. Haka abin yake a tsofaffin motocinmu.

Lissafin ba wuya. Ƙwan H4 da aka saba da shi yana cin wat 55 a gajeren haske, wat 60 a dogon haske, wato kusan amfiya 5 kowane ɗaya. Idan ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, hasken na raguwa da kusan kashi 30. Ka sa ƙwai mai wat 100, ka ɗora wa tsohuwar waya fiye da amfiya 8 a kowane gefe. Makunni ya yi zafi, soket ya narke, wata rana sai ka ji ƙaurin roba.

Yadda ake bin sawun matsalar

Alamar da mota ta nuna ita ce ke faɗin inda za a duba. Idan gefe ɗaya ne ya mutu, a gwada ƙwan a ɗaya gefen, a duba soket da fis. Idan duka biyun suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwai ne. A duba fis da makunni. Idan dogon haske na kamawa amma gajere ya ƙi, ko dai zaren gajeren ya ƙone, ko kuma sandar da ake canza haske da ita ta gaji.

Amma babbar mai laifi ita ce wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, wadda wuta ke komawa batir ta cikinta. Idan wurin ya yi tsatsa, sai fitila ta yi ja kamar aci-bal-bal, ko ka kunna sigina ka ga fitilar gaba tana kyaftawa tare da ita. Maganin bai wuce a kwance noti, a kankare ƙarfen har ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris ba.

Mai wayarin na ƙwarai ba ya aiki da ka. Zai sa mita a kan batir, inji na aiki, ya ga ko ana samun bolt 13.5 zuwa 14.5. Sannan ya auna a bakin ƙwan, fitila na kunne. In bambancin ya wuce rabin bolt, akwai inda wuta ke maƙalewa. Gyaran da ya fi daɗewa shi ne a sa rile biyu, ɗaya na dogon haske ɗaya na gajere, da waya mai kauri da fis daga batir kai tsaye. Makunni ya huta, haske ya dawo.

Abu ɗaya da ba a yi: fis ya ƙone a naɗa masa waya ko takardar sigari. Fis ai mai gadi ne, in aka cire shi, waya ce za ta ƙone a madadinsa, motar kuma ta bi ta.

Doka ma ta shigo

Tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila, inda ake bin hagu, tana karkata haskenta ne zuwa idon mai tahowa, don haka a lura in za a sayi ta hannu a Suame Magazine da ke Kumasi ko a Tamale. Haka kuma a 2021 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA, tare da 'yan sanda sun shiga cire ƙarin fitilu masu kashe ido da direbobi ke liƙawa, bisa dokar hanya ta 2012, L.I. 2180.

Saboda haka, malam direba, kafin ka ɗauki lodi gobe, tsaya gaban bango da daddare ka kunna gajere da dogo, ka ɗan jijjiga wayoyin ka ga ko hasken zai yi rawa. In ya yi, ka kai wa mai wayarin tun da safe. Fasinjojin da ke bayanka amana ne. Allah Ya kai mu gida lafiya.