Maganin Wanke Bindiga: Haɗin Gida Ko Na Kanti?

Tun da aka fara ƙera bindiga masu riƙe ta suke fama da abokin gaba guda wanda ba ya gajiya, watau tsatsa. Bindigar da aka harba da safe aka jingine ba a wanke ba, musamman da damina, tana iya wayar gari cikin bututunta ya yi ja. Daga nan ƙarfen ya fara rarakewa, saiti ya ɓaci, in kuwa bututun ba mai kauri ba ne, wata rana sai ya fashe a hannun mai shi. Saboda haka ne maharba da sojoji da masu wasan harbi suka daɗe suna gardama a kan wane ruwa ya fi dacewa a wanke bututun bindiga da shi, wanda mutum zai harhaɗa a gida ko wanda kamfani ya ɗura a kwalba. Wannan gardama ta fi zafi a Amurka da ƙasashen Turai, inda kamfanonin irin wannan magani suke, amma darasin da ke cikinta ya shafi duk wanda doka ta ba shi izinin riƙe bindiga.

Dattin da ke taruwa a cikin bututu iri huɗu ne. Akwai baƙin tokar da albarushi ke bari bayan ya ƙone. Akwai gishirin da wasu harsasai ke bari. Akwai dalma da ke gogewa daga jikin harsashi ta manne wa ƙarfe. Akwai kuma jan ƙarfe, domin galibin harsasan zamani an lulluɓe su da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da ke narkar da shi, kuma abin da ke fitar da wani sau da yawa ba ya taɓa wani.

A kan gishirin nan ne aka sha wahala mafi tsawo. A farkon ƙarni na 20 sojojin Amurka sun rasa gane abin da ke cin bindigoginsu. Soja zai wanke bututu da mai har ya yi ƙyalli, ya sake shafe shi da mai ya ajiye, bayan 'yan kwanaki a duba a tarar tsatsa ta fito a ƙarƙashin man. An yi ta zargin sabon albarushi marar hayaƙi, ana cewa wani tsami yake bari a jikin ƙarfe. Sai a shekarar 1922 wani masani mai suna Wilbert Huff, na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, ya buga sakamakon bincikensa, inda ya nuna cewa laifin na 'yar hular nan ce da ke gindin harsashi, wadda ake bugawa wuta ta tashi. Sinadarin da ake zubawa a cikinta in ya ƙone yakan bar wani gishiri, ɗan'uwan gishirin miya, wanda ake kira fotasiyam kulorayid. Shi wannan gishiri yana jawo laima daga iska, mai kuwa ba ya narkar da shi, sai dai ya rufe shi ya ci gaba da ɓarna a ɓoye. Abin da ke narkar da shi nan take shi ne ruwa.

Sojojin Ingila sun yi aiki da wannan dabara a kan bindigarsu Lee-Enfield, wadda sojojin Nijeriya ma suka riƙe a yaƙin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan harbi akan kafa mazurari a gindin bututu a kwarara tafasasshen ruwa ya fita ta baki. Ruwan ya kwashe gishiri, zafinsa ya taimaka ƙarfen ya bushe da wuri, sannan a goge a shafa mai. Daga baya an ƙirƙiro hular harsashi wadda ba ta barin gishiri. Kamfanin Remington na Amurka da kamfanin RWS na Jamus suka fito da irinta a ƙarshen shekarun 1920, sojan Amurka kuwa bai gama komawa gare ta ba sai a shekarun 1950. Amma tsofaffin harsasan soja da aka yi a Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta da yawa suna da tsohuwar hular, kuma duk wanda ya harba su dole ya koma ga ruwa.

Haka abin yake ga bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, irin ta maharban ƙauye da ta 'yan bindigar sarakuna a hawan salla. Fiye da rabin baƙin albarushi ba ya zama hayaƙi in ya ƙone, yana zama datti ne, kuma dattin nan cike yake da gishiri iri-iri masu jawo laima. Babu kwalbar kanti da ta fi ruwan ɗumi da ɗan sabulu fitar da shi. Abin da ake bukata shi ne a naɗe tsumma a sandar ɗuri a yi ta zurawa har ruwan ya fito fari, a busar da bututun sarai, kana a shafa mai kaɗan. Man da ake shafawa ya kamata ya zama wanda ba ya ruɓewa ko yin danƙo. Man girki in ya daɗe yakan daskare ya kama ƙura.

Magungunan kanti kuwa tarihinsu ya haura shekara 100. A shekarar 1903 wani Ba'amurke mai suna Frank Hoppe, a jihar Pensilbaniya, ya haɗa ruwan da ake kira Hoppe's No. 9, wanda har yanzu ake sayarwa. A 1904 kuma Helmut Klever ya haɗa man Ballistol a Jamus saboda sojojin ƙasar, waɗanda suke son mai guda da zai yi wa ƙarfe da katako da fata amfani. Shi Ballistol yana gauraya da ruwa ya yi fari kamar madara, shi ya sa masu bindigar toka a Turai da Amurka suke son sa, domin ruwan zai kwashe gishiri, man kuma ya saura a jikin ƙarfe.

Haɗin gida mafi suna shi ne wanda ake kira Ed's Red, wanda wani masanin bindiga, C. E. Harris, ya yaɗa a shekarun 1990. Asalinsa daga wani magani ne na ma'aikatar makamai ta Frankford da ke Filadelfiya, wanda Manjo Janar Julian Hatcher ya bayyana a littafinsa Hatcher's Notebook na 1947. A cikin tsohon haɗin akwai man wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira wel, wanda aka hana cinikinsa a Amurka a shekarun 1970 don kada dabbar ta ƙare. Sai Harris ya maye gurbinsa da jan man giyar mota mai canja giya da kanta, daga nan ne launin ja da sunan suka samo asali. Ana gauraya man giyar da kananzir da farin ruwan tsinka fenti da asiton, kowane gwargwadon ɗan'uwansa. Haɗin yana da araha ƙwarai in aka kwatanta da ƙananan kwalaben kanti, kuma yana fitar da baƙin toka sosai. Sai dai yana da aibu biyu. Na farko, asiton yana cin fenti da ƙyallin ƙotar bindiga da wasu robobi, ga saurin kama wuta. Na biyu, ba ya narkar da jan ƙarfe.

A nan ne maganin kanti ya yi fice. Jan ƙarfen da ya manne a cikin bututu yana ɓata saiti sannu a hankali, abin da aka daɗe ana narkar da shi da shi kuwa amoniya ce. Magunguna irin su Sweet's 7.62 na ƙasar Ostareliya suna ɗauke da ita, kuma alamar suna aiki ita ce tsumma ya fito shuɗi. Amfanin saye a kanti shi ne an auna ƙarfin amoniyar, an kuma rubuta iyakar lokacin da za a bar ta a cikin bututu. Wanda ya ce zai haɗa tasa da ka, ko dai ta yi rauni ta kasa aiki, ko ta yi ƙarfi ta taɓa ƙarfen kansa. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma haɗe-haɗen gida da ya kamata a guje musu. Fetur yana fitar da datti, amma tururinsa yana kama wuta daga nesa. Ruwan binega yana cinye baƙin rinin da ke kare jikin bindiga daga tsatsa. Mafi haɗari shi ne gauraya binega da ruwan haidirojin na wanke ciwo don narkar da dalma; dalmar tana narkewa kam, amma ruwan da ya saura guba ne mai illa ga jini da ƙwaƙwalwa. Jama'ar ƙasar nan sun ga abin da gubar dalma ke yi a shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan haƙar zinariya na Jihar Zamfara. Hanyar da ta fi aminci ta fitar da dalma ita ce a jiƙa bututu da mai a goge da buroshin tagulla, a kuma wanke hannu kafin a ci abinci.

Duk da wannan gardama, tarihi ya nuna cewa rashin wankewa gaba ɗaya ya fi kuskuren zaɓen magani kisa. A yaƙin Biyetnam an raba wa sojojin Amurka sabuwar bindiga M16 ba tare da isassun kayan wanki ba, har wasu suka ɗauka ba ta bukatar wanki. A lokaci guda kuma aka canja albarushin harsashinta zuwa wani mai barin datti da yawa. Bindigogi suka riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, sojoji suka rasa rayukansu. A 1967 kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin, aka raba kayan wanki, aka koyar da sojoji, aka kuma lulluɓe mazaunin harsashi da ƙarfen kurom mai hana tsatsa.

To, abin da mai bindiga zai fara tambayar kansa shi ne wane irin datti ke cikin bututunsa. In bindigar toka ce, ko an harba tsohon harsashi mai gishiri, ruwa ne maganin, sannan mai. In baƙin toka ne kawai, haɗin gida da na kanti duk suna yi, bambancin na aljihu ne. In jan ƙarfe ne, kwalbar kanti ta fi. Kafin komai kuwa a tabbata babu harsashi ko ɗuri a cikin bindigar, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da yara. Kafin a sake harbi a zura busasshen tsumma a share man da ya taru, domin mai da yawa ko guntun tsumma da aka manta a cikin bututu yana iya kumbura ƙarfe ko ya fasa shi. Wanki kuma a yi shi a ranar da aka yi harbi, domin rigakafi ya fi magani, kuma ramin da tsatsa ta riga ta haƙa a jikin ƙarfe babu ruwan da ke cike shi.