Tsadar rayuwa a birnin Paris: abin da lissafin canji ba ya nunawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka ɗalibi filin jirgin sama na Yamai ya san lissafin da ake yi a hanyar komowa gida. A ɗauki kuɗin da aka ce za a riƙa ba yaron kowane wata, a juya su zuwa sefa, a ga sun fi albashin babban ma'aikaci, daga nan a fara ƙidayar abin da zai riƙa aikowa. Bayan wata shida sai ga shi yana bugo waya yana neman a agaza masa. Iyaye su ce ya lalace, shi kuma ya ce ba su san Paris ba. An sha ɓatawa tsakanin ƴan'uwa a kan wannan, an kuma sha barin karatu a tsakiya.

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu nuna cewa kuskuren yana cikin lissafin kansa. Za mu duba canjin kuɗi, sannan ma'aunin da ya fi shi dacewa, sannan hayar ɗaki wadda ita ce uwar tsadar, daga ƙarshe mu jera kuɗin wata guda. Mun zaɓi Paris domin can ne malamai da ɗaliban jami'o'inmu da dama suka yi karatun digirin ƙoli. Ko da yake hanyar ta ƙuntata tun 2023, har ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024, darasin ya shafi duk babban birnin Turai da ake cin kasuwa da yuro.

1. Canjin kuɗi

Tun ran 1 ga Janairun 1999 an ɗaure sefa a jikin yuro, kowane yuro ɗaya a kan tamma 656 in an cike ƴan ɗigon da ke bayansa. Kafin nan a jikin faran na Faransa take. Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi, abin da ba a taɓa yi ba tun 1948: faran ɗaya da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Uban da ke biya wa ɗansa ɗakin faran 2.000 a Paris ya kwanta yana biyan jika 100, ya wayi gari yana biyan jika 200, alhali mai gidan bai ƙara ko sisi ba.

Rashin motsin canji tun daga lokacin ya sa mutane suka amince da shi fiye da kima. Canji yana faɗa mana sefa nawa za a ba mu in muka kai yuro banki. Ba ya faɗa mana abin da yuron nan zai saya a wurin da ake kashe shi. Masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Suwidin, Gustav Cassel, tun 1918 ya jawo hankali ga ƙarfin sayen kuɗi, wato yawan kayan da kuɗi ke iya saye a kowace ƙasa. A wannan ma'auni yuro ɗaya a Maraɗi ya fi yuro ɗaya a Paris nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hauhawar farashi. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta nuna farashi ya tashi da kashi 5,2 cikin ɗari a 2022, da kashi 4,9 a 2023, kuma a watan Maris na 2023 kayan abinci sun ɗara na bara da kusan kashi 16. Iyalin da ke aika kuɗi daga Damagaram ko Tawa sun ɗauki wannan nauyi da kuɗin shigarsu na gida, duk da canji bai motsa ba.

2. Awo da lokacin aiki

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa ruɗin canji ita ce a tambayi sa'a nawa mutum zai yi aiki kafin ya sami abu. Mu ɗauki albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a ƙasashen biyu. A Faransa, a Nuwamban 2024, an tsayar da shi a yuro 11 da santim 88 a sa'a, wato kimanin yuro 1.426 a hannu a wata bayan an cire kuɗin asusun jin daɗin jama'a, a kan aikin sa'a 35 a mako. In an juya, ya kai kusan jika 935. A Nijar, daga Janairun 2024, an ɗaga shi daga sefa 30.047 zuwa sefa 42.000.

Ke nan jika ɗaya, a wajen ƙaramin ma'aikacin Yamai, aikin sama da sa'a huɗu ce. A wajen takwaransa na Paris ba ta wuce aikin minti goma ba. Wannan ne ya sa kayan da ake lodawa a jirgi a kai ko'ina, kamar shinkafa, sukari, wayar salula ko kwamfuta, suke da sauƙi a wajen mai albashin Paris: farashinsu a ƙasashen biyu bai yi nisa da juna ba, albashin ne ya yi nisa.

Abubuwan da ba a iya lodawa a jirgi kuwa, wato ɗaki, aski, gyaran famfo, renon yaro, kwanon abinci a gidan cin abinci, su ne ke da tsada. A 1964 masana biyu, Béla Balassa da Paul Samuelson, kowa a gefensa, suka bayyana dalili. A ƙasar da masana'antu ke samar da kaya mai yawa a kowace sa'a ta aiki, albashi yana tashi a masana'antun, sannan ya ja na sauran sana'o'i. Wanzamin Paris bai fi na Maraɗi saurin hannu ba, amma dole a biya shi abin da zai hana shi barin aski ya tafi kamfani. Saboda haka duk abin da ke bukatar hannun mutum ko filin birni sai ya yi tsada.

Daga nan za mu gane cewa tsadar Paris ba iri ɗaya ce ga kowa ba. Mai karɓar albashi can yana biyan farashin Paris da kuɗin Paris. Ɗalibin da ake aika wa daga gida yana biyan farashin Paris da kuɗin Nijar. Jerin birane masu tsada da cibiyar bincike ta mujallar The Economist ke fitarwa, wanda ya sa Paris a sahun farko a 2019 da 2020, an tsara shi ne domin kamfanoni su san alawus ɗin da za su ba ma'aikatan da suka tura waje. Ba ɗalibi ya auna ba.

3. Hayar ɗaki

Birnin Paris kansa bai wuce murabba'in kilomita 105 ba, kuma mutum wajen miliyan 2,1 ke zaune ciki, wato kimanin 20.000 a kowane murabba'in kilomita. Fili ya ƙare, dokokin gini kuma sun taƙaita tsawon benaye a yawancin unguwanni. Ga shi ma'aikatun gomnati, manyan kamfanoni, jami'o'i da ƴan yawon buɗe ido duk nan suka nufa. A 2019 farashin sayen murabba'in mita ɗaya na gida ya haura yuro 10.000, kafin ya ɗan sauko daga 2023. Wanda ya sayi gida a wannan farashi dole ya nemi haya mai nauyi.

Ɗakunan da ɗalibai suka fi samu su ne na ƙarshen bene a gidajen zamanin Haussmann, wanda ya sake fasalin birnin tsakanin 1853 da 1870. Asalinsu ɗakunan ƴan aikin gida ne, a hawa na shida, sau da yawa ba na'urar hawa, makewayi kuma na tarayya ne. Dokar 30 ga Janairun 2002 ta ce babban ɗakin da za a bayar haya ya kai murabba'in mita 9 da tsawon mita 2,20, ko faɗin cikinsa gaba ɗaya ya kai mita 20 na kubik. Ƙaramin ɗaki ya fi babba tsada in an auna da mita, domin masu nemansa sun fi yawa. A shekarun 2023 zuwa 2025 da wuya a sami ɗaki mai madafa da makewayinsa a cikin birnin ƙasa da yuro 700 a wata.

Hukuma ta yi ƙoƙarin sa linzami. Dokar ALUR ta 2014 ta kawo ƙayyade haya, aka fara aiki da ita a Paris ran 1 ga Agustan 2015, kotu ta soke a Nuwamban 2017, aka maido da ita ran 1 ga Yulin 2019 a ƙarƙashin dokar ELAN. Ana fitar da farashin mita na kowace daga unguwanni 80 na birnin, kuma mai gida ba shi da izinin wuce shi da fiye da kashi 20 cikin ɗari sai da hujja ta musamman. A 2025 aka rage kwanakin da mutum zai iya ba baƙi hayar gidan da yake zaune ta irin su Airbnb daga 120 zuwa 90 a shekara. Waɗannan matakai sun rage gudun tashin haya, amma ba su ƙara yawan ɗakuna ba.

Baƙo yana da wata matsalar ta daban, wato shiga. A ɗaki mai kayan zama ana iya neman ajiyar hayar wata biyu ban da ta watan farko. A al'ada masu gidaje suna son albashin mai haya ya ninka hayar sau uku, ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Tun 2016 tsarin Visale yana tsaya wa matasa ƴan shekara 18 zuwa 30 kyauta, sai dai ba kowane mai gida ke karɓa ba. Gidajen ɗalibai na hukumar CROUS da na Cité internationale universitaire, wadda aka kafa a 1925, sun fi sauƙi ƙwarai, amma gadajen ba su kai masu nema ba. Mai fita bayan gari, kamar Saint-Denis ko Créteil, yana rage haya ya ƙara lokacin tafiya.

4. Sauran bukatu

Katin sufuri na wata, Navigo, ya tashi daga yuro 75 da santim 20 a 2022 zuwa yuro 88 da santim 80 a 2025. Wannan ya kai jika 58, wato ya fi albashi mafi ƙanƙanta na Nijar gaba ɗaya, amma a wajen ƙaramin ma'aikacin Paris kashi 6 ne cikin ɗari na albashinsa, kuma doka ta ɗora wa mai aikin biyan rabi. Ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 26 yana da rangwame. Malamanmu da ke zuwa bincike galibi sun wuce wannan shekaru.

A shekarar karatu ta 2024-2025 kwanon abinci a kantin CROUS yuro 3 da santim 30 ne, yuro ɗaya ga masu tallafin karatu da waɗanda aka tabbatar suna cikin ƙunci. Mai marmarin tuwon gida zai sami gero, kuɓewa da busasshen kifi a kasuwar Château-Rouge, amma abin da yake cimar talaka a Maraɗi can kayan marmari ne da aka yi wa dakon dubban kilomitoci.

Kuɗin rajista ma ya sauya. A 2019 aka sa wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba yuro 2.770 a shekara a matakin lisans da 3.770 a matakin masta, lokacin da ƴan ƙasa ke biyan 170 da 243. Ba a taɓa masu digirin dakta ba, kuma jami'o'i da dama sun yafe ƙarin a shekarun farko. Ta fannin lafiya akwai sauƙi: shiga asusun lafiya kyauta ne ga ɗalibi, ganin likita ya koma yuro 30 a Disamban 2024, kuma asusun yana maido da mafi yawansa.

5. Lissafin wata guda

A 2024 abin da ake bukatar ɗalibi ya nuna kafin a ba shi biza shi ne yuro 615 a wata, wato jika 403. A gida wannan kuɗi ne na a zo a gani. A Paris bai biya ɗakin da muka ambata ba. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin sa'a 964 a shekara, kimanin sa'a 80 a wata, wanda a ƙaramin albashin 2024 zai kawo masa wajen yuro 750. Jimla ke nan yuro 1.365.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, ɗakinsa yuro 750 ne, sufuri 89, abinci 250, wuta da waya da inshorar ɗaki 80. An kashe 1.169, saura ƙasa da 200, kuma ba a sayi rigar sanyi ba, ba littafi, ba tikitin komowa gida. Ranar shiga ɗakin kuwa sai ya ajiye yuro 2.250, kusan sefa miliyan ɗaya da rabi, kafin ya karɓi mabuɗi. Har zuwa 2025 tallafin haya na hukumar CAF yana rage wa ɗalibai baƙi wani abu, amma sai bayan an shiga ɗakin an cika takardu. Sa'o'i 18 ɗin da yake aiki kowane mako kuma daga lokacin karatunsa aka yanke su, abin da ke tsawaita shekarun bincike, kowace shekarar da aka ƙara kuwa wata haya ce ta wata goma sha biyu.

Kammalawa

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da muke ba da shawara ga sashe da ke shirin tura malami ko ɗalibi, da kuma iyalinsa, abu uku ne. Na farko, a bar juya tallafin karatu zuwa sefa, a cire haya tukuna a dubi abin da ya rage. Na biyu, a nemi ɗaki kafin a nemi tikiti, domin tazarar da ke tsakanin gidan ɗalibai da hayar kasuwa ta fi duk wani tsimi da za a yi a kan abinci. Na uku, a tanadi kuɗin shiga na wata uku daban da na zaman yau da kullum. Yarjejeniyar musayar malamai da ba ta faɗi inda baƙo zai kwana ba, ya kamata a maida ita a cike wannan gurbi kafin a sa mata hannu.