Birnin Tubali a Tsakar Gida

Bayan kaka, wani manomi da na sani daga wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa ya kai wakensa kasuwar Dawanau. Da ya sayar, sai ya ce bari ya ƙarasa cikin Kano ya sayo wa iyali kayan Kirsimeti. Ya tafi da ɗansa mai shekara takwas. A bakin wani kanti a Sabon Gari yaron ya tsaya cik. A cikin gilashi akwai wani kwali mai hoton birni, ga benaye, ga asibiti, ga motar kashe gobara, duka an harhaɗa su da ƙananan bulo na roba masu launi iri iri.

"Baba, saya mini wannan."

Uban ya tambayi kuɗin. Da aka faɗa masa sai ya yi shiru, gama ya isa kuɗin makarantar yaron na zango guda har da saura. Ya kama hannun ɗansa suka wuce. Yaron bai ce uffan ba har suka isa gida. Uban kuwa ya kwana yana tunani. Ya taɓa kuɗin takin baɗi ne, ko ya ci bashi, ko kuwa ya bar yaro da baƙin ciki?

Iyaye da yawa sun san wannan tsaka mai wuya. To, akwai wata hanya, kuma ba ta cin ko kwabo. Amma kafin mu kai gare ta, bari mu ga inda waɗannan bulo na roba suka samo asali.

Kafintan da aiki ya yanke wa

Mafi shahara cikin irin wannan abin wasa shi ne wanda ake kira Lego. Wanda ya kafa kamfanin wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen, a ƙauyen Billund cikin ƙasar Denmak. Sa'ad da tattalin arzikin duniya ya karye, mutane suka daina kiransa aikin gini. Don ya ciyar da 'ya'yansa, sai ya shiga sassaƙa kayan wasa na katako a 1932. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna Lego, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin "yi wasa da kyau". Bulo na roba sun fara fitowa a 1949, amma ba su kama juna sosai. Sai a 1958 aka gyara cikinsu yadda wani zai cije wani, irin da ake yi har yau.

Abin lura a nan shi ne, ƙarfin wannan abin wasa yana cikin ma'auninsa. Kowane bulo ya dace da ɗan'uwansa, har wanda aka yi a 1958 yana shiga wanda aka yi bana. Tun da yake duka awonsu ɗaya, yaro yana iya gina gida yau, gobe ya rushe shi ya gina gada. Idan kuwa ma'auni ne sirrin, to, mu ma muna iya samunsa da fankon ashana da ƙasar da muke takawa.

Birnin da aka gina da hannu

Kada wani ya raina ƙasa. Birnin Kano kansa da ita aka gina shi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka faɗaɗa ta, aka gina Gidan Rumfa inda fadar sarki take, aka kuma kafa kasuwar Kurmi. Magina suna kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, su mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, su shanya a rana. Sa'an nan su jera shi, su cike tsakani da laka. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. A bisa kusurwoyin soro su kafa zankwaye, su sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango.

Yawancin ganuwar ya zube yanzu, waɗansu wuraren ma an yi gine-gine a kai. Amma sunayen ƙofofi suna nan: Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Mazugal, har da Ƙofar Dawanau. Mutanen Dawakin Tofa kuma sun daɗe da yin suna wajen ginin tukwane. Tulu da randa da kasko da asusu nasu suna shiga kasuwanni da yawa. Wanda yake zaune a irin wannan ƙasa, kayan ginin birnin wasa suna ƙofar gidansa.

Abin da za a tanada

Ku nemi ƙasa mai danƙo, wato yumɓu ko jar ƙasar gini, da yashi mai laushi, da ɗan ƙaiƙayi. Ku nemi fankon ashana guda biyar ko shida, da toka, da tsohuwar rariya, da karan dawa, da tsinken tsintsiya. Domin fenti, farar ƙasa da gawayi da shuni sun isa.

Aljihun fankon ashana shi ne ma'auninmu. Tsawonsa wajen inci 2 ne. A yanke gindinsa, a naɗe gefunan da leda don kada laima ta jiƙa shi. Kwali dai ba ya daɗewa. In akwai kafinta a kusa, a roƙe shi ya haɗa ɗan ma'auni na katako daga guntayen da ya zubar, mai gurbi biyar, kowane gurbi daidai da fankon. Wannan zai yi shekaru ana mora.

Yadda ake buga tubalin

1. A daka ƙasar, a tankaɗe ta, a fitar da tsakuwa. Tsakuwa guda a cikin ɗan ƙaramin tubali takan tsaga shi.

2. A fara da gwangwani uku na ƙasa da gwangwani ɗaya na yashi, da ɗan ƙaiƙayi cikin hannu. Dalilin yashi ke nan: yumɓu zalla yakan tsuke ƙwarai sa'ad da yake bushewa, sai ya tsattsage. Yashi yana rage wannan tsukewa. Amma ƙasa ta bambanta daga wuri zuwa wuri, saboda haka a gwada tukuna. A buga tubali uku, ɗaya da yashi kaɗan, ɗaya matsakaici, ɗaya da yawa. Wanda ya bushe bai tsage ba, bai kuma marmashe a hannu ba, shi za a bi.

3. A kwaɓa da ruwa kaɗan kaɗan har ta yi kamar tuwo mai tauri. A rufe ta ta kwana. Magina na gaske ma sukan bar kwaɓinsu ya tsima kafin su taɓa shi, gama ruwa yana bukatar lokaci ya ratsa ko'ina.

4. A barbaɗa toka cikin ma'auni don kada ya manne. A danna ƙasar sosai har kusurwoyi, a shafe saman da bayan wuƙa, a ɗaga ma'aunin a hankali.

5. Cikin kowane goma, a raba biyu ko uku gida biyu tun suna ɗanye. Za a bukaci waɗannan rabi-rabi a bakin ƙofa da taga.

6. A shanya a inuwa kwana biyu, ana juyawa, kafin a fitar rana. Iskar hunturu tana busar da waje da sauri ciki yana ɗanye, shi ke kawo tsagewa.

Wanda yake so tubalinsa ya jure ruwa, sai ya roƙi maginin tukwane ya sa masa su cikin gashinsa. Amma lalle su bushe ƙayau tukuna. In da sauran laima a ciki, zafi zai mai da ita tururi, tubalin ya fashe, har ya yi wa tukwanen mutum ɓarna. Aikin wuta na manya ne kaɗai.

Shata birnin

Ga ɗan lissafi. Ɗaki mai tubali uku a kowane gefe, jeri shida, yana cin wajen 70. In yara suka buga 30 a yini, kwana shida a mako, sun sami 180. Cikin mako huɗu sun tara 720, wato ɗaki goma ke nan. Da yayyafi kogi kan cika.

A zaɓi wuri a gindin rumfa ko kusurwar tsakar gida inda awaki da kaji ba su kai. Tsohon ƙyaure ma yana yin kyakkyawan fili, gama ana iya ɗauke shi gaba ɗaya. Kafin a aza tubali ko ɗaya, a zana birnin da tsinke a ƙasa. A fara da hanyoyi, sa'an nan kasuwa, da rijiya, da makaranta, da asibiti, da tashar mota. Gidaje su biyo baya. A bar yara su yi gardama a kan inda kowane abu zai zauna. Wannan gardama rabin wasan ce.

Doka ɗaya ce tilas a koya musu: kada gaɓa ta hau gaɓa. Kowane tubali ya zauna a kan mahaɗar biyu na ƙarƙashinsa. A sa yaro ya gina bango biyu, ɗaya bisa doka, ɗaya a jere sambal, ya tura su da yatsa. Ba zai sāke mantawa ba.

Ginin da ake so a riƙa rushewa ana sākewa, a jera shi haka nan ba laka. Wanda ake so ya zauna, kamar ganuwa, a sa masa laka mai ruwa-ruwa. Ganuwar ma ya fi kyau a yi ta da mulmulallen tubali irin na dā, a bar mata ƙofofi, kowace da sunanta. Sillen kara shi ne azara. Totuwar kara da tsinke suna yin gado da kujera da amalanke. Murfin kwalba ƙafar mota ne, gwangwanin tumatir kuwa in aka yaɓe shi da laka aka ɗora masa jinkar ciyawa, ya zama rumbu.

Hattara, iyaye

Kada a aiki yara su kaɗai ɗibar ƙasa a kududdufi. Ramukan da aka haƙa domin gini sukan riƙe ruwa mai zurfi har cikin rani, gaɓarsu kuma takan rufto wa mai haƙa ta ƙarƙashi. Babba ya tafi tare da su, ya kuma nemi izinin mai wurin. Kada a ɗebi ƙasa kusa da masai ko juji. A wanke hannu da sabulu bayan wasa, kafin cin abinci. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, saboda haka babba ya fere shi. Tubalin da aka tara ya daɗe, a zazzage shi da sanda kafin a sa hannu, gama kunama tana son irin wannan maɓoya. Da damina ta kusa, a kwashe tubalan a tsohuwar tukunya a kai ɗaki. Waɗanda suka karye a jiƙa su a sāke bugawa, ba asara.

In kuwa Allah ya hore, kuna so ku sayi na roba, ba laifi. A fara da asusu, kada a fara da bashi. A duba wajen masu gwanjo, inda akan sami na hannu da sauƙi, a wanke su da sabulu. Tarin bulo na yau da kullum ya fi kwalin da aka shirya domin gina abu guda tak. Ko na roba ko na ƙasa, a nisanta ƙanana daga yaron da bai kai shekara uku ba, gama kome ya samu baki yake kaiwa, yana kuwa iya shaƙe shi.

Ribar da ke ciki

Yaron da ya ƙirga tubalin ɗaki ɗaya, ya tambayi kansa nawa ɗaki biyar za su ci, ya shiga lissafin sau ba da bulala ba. Yarinyar da ta ce kada a sa rijiya kusa da masai ta riga ta koyi darasin kiwon lafiya. Kada a ce gini na maza ne, a ba 'yan mata unguwarsu su ma. Manya su buga tubali, ƙanana su jera a inuwa, kaka ta faɗa musu yadda zauren gidan ubanta yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ya sha wahalar tsayar da bango mai inci uku kuma, zai dubi magini da maginin tukwane da sabon ido.

Manomin nan da muka fara da shi, haka ya yi. Da yamma bayan an dawo daga sussuka, ya zauna da fankon ashana da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya kira ɗansa. Da fari yaron ya turo baki, ya ce, "Baba, wannan ai ƙasa ce." Uban bai ce kome ba, ya ci gaba da bugawa. Kafin a yi kwana uku, yaron ne yake tashin ƙannensa da sassafe su juya tubali. Ran Kirsimeti 'ya'yan kawunsa suka zo daga Kano, suka wuni durƙushe a gindin rumfa da sababbin kayansu, har uwar gida ta yi ta faɗa saboda wanki.

Yaron bai manta da kwalin nan na Sabon Gari ba. Yakan ambace shi jifa-jifa, uban kuma ya saya masa asusu don ya tara da kansa. Amma kuɗin taki yana nan ba a taɓa ba, an biya na makaranta, birnin kuma ya kai ƙofa huɗu.

In kun gwada a gidanku, ku rubuto mana yadda ƙasar wajenku ta yi, da irin dabarun da yaranku suka ƙaro, domin sauran masu karatu su amfana.