Telan Da Ya Sayar Da Sunansa

Mai karatu, a ce an zube maka dala miliyan 16 a gabanka. Ba gidanka ake so ba, ba gonarka ba. Kamfaninka ake so, da sunan da iyayenka suka raɗa maka. Za ka sa hannu? Kada ka yi saurin cewa a'a. Wani tela a Amurka ya sa, kuma a lokacin kowa gani yake ya tsinci dami a kala.

Sunansa Roy Halston Frowick, haifaffen jihar Iowa a 1932. Da ɗinkin hula ya fara suna, a Bergdorf Goodman, kantin masu hannu da shuni a New York. Ranar rantsar da shugaban Amurka John Kennedy a 1961, uwargidansa Jacqueline ta fito da wata 'yar hula ta Halston. Iska ta taso, ta kai hannu ta dafe, hular ta ɗan lotsa. Shi da bakinsa yake ba da labari cewa masu kwaikwayo sun ɗinka irinta har da lotsawar!

Daga hula ya koma riguna, masu santsi, marasa tarkace. A 1973 kamfanin Norton Simon ya saye harkar, suna da komai, aka bar shi yana jan ragama. Kuɗi suka yi ta shigowa kamar ruwan Agusta. Ofishinsa na can sama a Olympic Tower, bango duk madubi, furanni ko'ina.

Sai dare ya fara cin rana. A 1977 aka buɗe gidan rawar disko na Studio 54, inda attajirai ke cirko-cirko a ƙofa ana zaɓen wanda zai shiga. Halston ba ya bin layi. A can ne, a bikin zagayowar haihuwarta, Bianca Jagger ta hau farin doki a cikin ɗakin rawa. Doki fa, mai karatu, a cikin ɗaki! Ga mawaƙiya Liza Minnelli, ga mai zane Andy Warhol, ga hodar iblis. Wanda ya kwana rawa, yaushe zai fito aiki? Halston ya koma zuwa ofis bayan rana ta take, ma'aikata na jira, jikinsu na ɓari don faɗansa.

Za ka ce shaye-shaye ne ya kayar da shi. Ya taimaka, babu shakka. Amma abin da ya fara tsinke igiyar, a ganina, shi ne mafi kyawun tunanin da ya taɓa yi. Ya ce yana son matan da ba su da kuɗi su ma su sa kayansa. A 1983 tufafinsa masu rahusa suka shiga JCPenney, kantin talakawa. Nan take Bergdorf Goodman, gidan da ya raine shi, ya kwashe kayansa daga kanta. Hajiyar da ta biya dubbai ba ta son haɗa tela da mai aikinta. Abin dariyar, bayan shekara 21 wani tela, Karl Lagerfeld, ya yi irin wannan da kantin H&M, aka yi ta tafa masa.

A 1983 ɗin dai kamfanin Esmark ya haɗiye Norton Simon, daga baya kamfanin Beatrice ya haɗiye Esmark. Sababbin iyayen gida ba ruwansu da furanni, lissafi suka sani. A 1984 aka raba Halston da ofishinsa. Aka ci gaba da ɗinka riguna ana liƙa musu "Halston", ba tare da almakashinsa ya taɓa su ba. Shi kuwa ba shi da ikon sayar da ko ɗankwali da wannan sunan. Kai da kai ne, me za ka yi? Ka canza suna kana ɗan shekara 52?

Fim ɗin tarihinsa da Frédéric Tcheng ya fitar a 2019 ya zaunar da ɓangarorin biyu gaban kyamara, 'yan matan da suka yi masa tallan kaya da mutanen kamfani, kowa na ba da nasa. Liza kam ta ƙi tona asirin amininta.

Ya yi ta neman sayo sunansa, ciniki bai faɗa ba. Cutar ƙanjamau ta ci ƙarfinsa, ya koma California kusa da danginsa. Ya rasu a San Francisco ranar 26 ga Maris, 1990, yana da shekara 57. A ranar, sunan Halston yana hannun kamfanin Revlon.