Pamukkale: Abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya hau farin tsauni

A kudu maso yammacin Turkiyya, kimanin kilomita 20 daga birnin Denizli, akwai wani tsauni da in ka hango shi daga nesa za ka rantse auduga aka shanya. Shi ne Pamukkale. Ruwan ɗumi ne ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa ɗauke da sinadarin farar ƙasa. Da zarar ya sha iska sai ya sauke sinadarin a kan gangare, yau da gobe har ya gina ƙananan tafkuna hawa-hawa, farare sol.

A saman tsaunin kuma kufan birnin Hierapolis ne, wanda sarakunan Pergamon suka kafa a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Girgizar ƙasa ta rusa shi a shekara ta 60 miladiyya, Rumawa suka sake gina shi, kuma babban dandalin wasanninsu na nan tsaye har yau.

Doka ta farko, ba a taka farin dutsen da takalmi. Kada ka ɗauka tsirfa ce ta masu gadi. A ƙarnin da ya wuce an gina otel-otel a kan kufan, suka riƙa janye ruwan zuwa nasu wuraren wanka, aka kuma shimfiɗa hanyar mota a kan gangaren, har farin ya soma dusashewa. Bayan hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988 aka rushe otel-otel ɗin, aka rufe hanyar. Saboda haka ka riƙe takalminka a leda, ka bi inda aka ware, ka taka a hankali, don wurin na da santsi. Hasken rana a kan farin nan kuwa yana kashe ido, gara a je da sassafe ko da la'asar.

Batun da ya fi damuna shi ne na neman magani a ruwan nan. Mu dai da mun ji an ce ruwa na warkarwa, sai mu ɗora masa kowace cuta. Gaskiya ne jiƙa jiki a ruwan ɗumi na sassauta ciwon gaɓoɓi da gajiya, kamar yadda duk wanda ya shiga Wikki a Yankari zai shaida. Amma sassauci daban, waraka daban. A bakin Hierapolis akwai maƙabarta mai kaburbura fiye da 1,200, kuma birni ne da marasa lafiya suka yi ta tururuwa zuwa cikinsa tun zamanin da. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su shiga, kada kuma kowa ya ajiye maganinsa don ya yi wanka.

Tafkin da ake kira na Kilofatara, wanda ɗuminsa ya kai kusan digiri 36, ana iyo a cikinsa ne a kan ginshiƙan marmara da girgizar ƙasa ta kayar. Kuɗin shigarsa daban ne, kuma maza da mata a cakuɗe suke cikin kayan ninƙaya. Gara magidanci ya san haka tun kafin ya kai iyalinsa bakin ƙofa.

Akwai kuma wani kogo kusa da kufan haikalin Apollo wanda mutanen zamanin da suka ɗauka ƙofar lahira ce. Masanin ƙasa Strabo ya rubuta cewa ya jefa tsuntsaye ciki, nan take suka mutu. Iskar kabon ce ke fitowa daga ƙasa, mai nauyi, tana kwanciya dab da ƙasa inda ƙananan halittu ke shaƙa. Har yanzu tana fita, shi ya sa aka killace wurin. Mai tafe da yara ya riƙe hannunsu a nan, kada wani ya tsallake shingen don ɗaukar hoto.